Karatun Zaren Gado da Binciken Ƙwayoyin da Ke Ɓata Abincin Gwangwani

1. Gabatarwa

Abincin gwangwani ya zama ruwan dare a kasuwanninmu. Tumatir ne, madara ce, kifi ne, nama ne, da wuya ka shiga ƙauye ka rasa mai tebur wanda ya jera su. Mai saye ba ya ganin abin da ke ciki, amana ce kurum tsakaninsa da wata masana'anta wadda bai taɓa gani ba. Galibi kuwa amanar tana cika, domin cikin ɗimbin gwangwanayen da a ke buɗewa kullum, kaɗan ƙwarai ne a ke iskewa sun ɓaci. Amma in ɗaya ya ɓaci, to, akwai tambayoyi uku waɗanda tilas a amsa su da gaggawa: wace ƙwaya ce ta ɓata shi, ta ina ta shiga, kuma tana kisa ko ba ta yi? Bisa ga amsar nan ne a kan yanke shawarar ko a janye kaya daga kasuwa ko a bar su. Kuskure kuwa ko ta wane gefe aka yi shi yana da tsada: ko a yi hasarar rai, ko a zubar da dukiya a banza.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wa malamai yadda masana ke amsa tambayoyin nan ta hanyar karanta abin da ke rubuce cikin jikin ƙwayar, a kuma nuna inda karatun ya ke da amfani da inda ya ke da iyaka.

2. Kalmomin da za a yi aiki da su

Ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, an saba ce musu ƙwayoyin cuta. Amma da ya ke yawancinsu ba su sa cuta, a nan za mu kira su bakteriya, ko kuwa ƙwayoyi kawai. Cikin ko wace ƙwaya akwai wani dogon abu siriri wanda ke ɗauke da umurnin halittarta duka, shi ne kuma ta ke gadar wa 'ya'yanta. Masana na taƙaita sunansa da haruffa uku, DNA, mu kuwa za mu ce masa zaren gado. Zaren nan jeri ne na sinadarai iri huɗu, waɗanda a ke rubuta su da A da C da G da T, don haka za mu kira su haruffa. Ko wane yanki na zaren wanda ke ɗauke da umurnin aiki guda, za mu ce masa babi. Dukan zaren kuwa, daga farko har ƙarshe, shi ne kundi. Karatun zare, watau a gano yadda haruffan nan su ke bin juna ɗaya bayan ɗaya.

3. Abin da wuta ke yi cikin gwangwani

Wani Bafaranshe mai sana'ar kayan zaƙi, Nicolas Appert, shi ne ya fara tsare abinci ta hanyar rufe shi cikin kwalba a dafa. Gwamnatin Faransa ta ba shi faran 12,000, ya buga littafinsa cikin shekara ta 1810. A shekarar nan kuma aka ba Peter Durand na Ingila takardar mallakar dabarar yin haka cikin gwangwani. Amma dukansu ba wanda ya san dalilin da ya sa abincin ke daɗewa, sai da Louis Pasteur ya nuna, cikin shekarun 1860, cewa ƙananan halittu ne ke ruɓar da abinci.

Ko bayan haka gwangwanaye ba su daina kumbura ba. Cikin 1895 William Underwood, wanda gidansu ke wannan sana'a a Amurka, ya haɗa kai da wani malamin kimiyya, Samuel Prescott, suka gano cewa akwai ƙwayoyin da tafasa ba ta kashe su. Dalili kuwa shi ne waɗansu bakteriya, in zama ya yi musu wuya, su kan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri su yi lamo, kamar yadda gaiwa kan shige cikin laka da rani ta jira damina. Ƙwanson nan ya kan jure tafasa na sa'o'i. Da zarar abincin ya huce, sai ƙwayar ta farka ta shiga haihuwa.

Mafi haɗari cikin masu ƙwanson nan ita ce wadda a ke kira Clostridium botulinum. Wani masani na Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya fara ware ta, bayan da waɗansu makaɗa suka ci naman alade mai gishiri a ƙauyen Ellezelles cikin 1895, uku daga cikinsu suka mutu. Ƙwayar tana zaune cikin ƙasa ko ina a duniya, ba ta kuwa girma sai inda babu iska, ga shi kuma cikin gwangwani babu iska. In ta girma sai ta fid da wani dafi wanda ke shanye jijiyoyi. Bayan sa'a 12 zuwa 36 mutum ya fara gani bibbiyu, fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara, shanyewar ta yi ta gangarowa har ta kai ga numfashi.

Bayan da zaitun ɗin Kalifoniya ya kashe mutane da dama a Amurka cikin 1919, aka sa masana aunawa. Cikin 1922 Esty da Meyer suka buga sakamakon gwajinsu a kan juriyar ƙwanson, daga nan ne kuma aka fid da ƙa'idar da a ke bi har yau. A zafin digiri 121 na ma'aunin Selshiyas, ko wane daƙiƙa 13 ko kusa da haka, tara cikin goma na ƙwanson botulinum su kan mutu. In an maimaita haka sau 12, watau kimanin minti biyu da rabi, to, cikin ƙwanso 1,000,000,000,000 ɗaya kaɗai zai saura. Sai aka cike lissafin ya zama minti 3, ana kuma auna shi a can tsakiyar gwangwani inda zafi ke isa daga ƙarshe. Tun da ya ke ruwa na tafasa a digiri 100 ne, ba a samun 121 sai cikin babbar tukunyar ƙarfe rufaffiya, wadda tururi ke matse cikinta. Abinci mai tsami kuwa, irin su tumatir, wanda ya gaza 4.6 a ma'aunin tsami da a ke kira pH, ba ya bukatar wannan zafi duka, domin botulinum ba ta girma cikin tsami irin wannan.

4. Sunan ƙwaya shaida ne

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa sauran bayanin ya dogara: irin ƙwayar da aka samu cikin ɓataccen gwangwani ita ke nuna wurin da aiki ya kuskure. Hanyoyin ɓacin kuwa manya uku ne.

Ta farko, dahuwa ba ta kai ba. A nan za a sami ƙwaya mai ƙwanso, galibi iri ɗaya tak, domin wuta ta kashe masu rauni ta bar mai tauri. Haka ta faru a Amurka cikin 2007, sa'ad da mutum takwas suka kamu da shanyewar botulinum daga wata miyar gwangwani da aka yi a birnin Augusta na jihar Jojiya. Masu bincike suka iske lahani ga tukwanen tururin masana'antar.

Ta biyu, gwangwani ya yi yoyo. In an fito da shi daga tukunya a kan sanyaya shi cikin ruwa, sa'an nan abin da ke ciki ya kan tsuke, ya ja murfin ciki. In kalmasar bakin gwangwanin ba ta kamu sosai ba, sai ya tsotsi ɗigon ruwan. A nan za a sami ƙwayoyi gauraye, har da waɗanda ko kusa ba su iya jure dahuwa. Cikin 1964 zazzaɓin taifot ya kwantar da mutum wajen 500 a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, kwamitin bincike kuwa ya ɗora laifin a kan wani babban gwangwanin naman shanu daga Ajantina, wanda aka sanyaya shi da ruwan kogi marar magani. Cikin 1978 kuma mutum huɗu suka kamu da botulinum a Birmingham daga kifin gwangwani na Alaska, biyu suka mutu. Irin da aka samu shi ne wanda a ke yi wa laƙabi da E, wanda ƙwansonsa ba shi da juriyar zafi. Wannan ya dace da abin da aka gano, cewa bayan dahuwa ne ƙwayar ta shiga.

Ta uku, an bar gwangwani cikin zafi. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu son zafi, kamar Geobacillus stearothermophilus, waɗanda ƙwansonsu ya fi na botulinum juriya ninki goma ko fiye. In an ce sai an kashe su duka, abincin zai dagargaje. Don haka a kan bar 'yan kaɗan, da ya ke ba su sa cuta, ba su kuwa farkawa sai zafi ya kai wajen digiri 40 ko ya wuce. In sun farka, waɗansu su kan tsamama abincin ba tare da gwangwani ya kumbura ba, waɗansu su cika shi da iska har ya yi tozo sama da ƙasa.

Ashe ke nan wanda ya san sunan ƙwaya ya san inda zai duba: ko tukunya, ko injin kalmasa da ruwan sanyaya, ko kuwa sito.

5. Yadda a ke yi a dā

Mai binciken gwangwani ya kan fara da ido da hanci. Ya duba kalmasa, ya goge murfi da maganin kashe ƙwayoyi, ya huda shi a tsabtace, ya gwada iskar da ta fito, domin wani kumburin ba na ƙwaya ba ne, tsami ne ya ci ƙarfe. Ya auna tsamin, ya shafa ɗan abincin a gilashi ya duba da madubi. Sa'an nan ya ɗibi kaɗan ya rena cikin akwatin ɗumi, wani da iska, wani ba iska, wani a digiri 35, wani a 55. Duk wannan har gobe ana yinsa, ba kuwa abin da ya maye gurbinsa.

Wahalar tana wajen raɗa wa abin da ya tsiro suna. Siffar bakteriya kaɗan ce: ko sanda, ko ƙwallo, ko murɗaɗɗiya. Tun 1884 Hans Christian Gram ya fito da wani rini wanda ke raba su gida biyu, amma gida biyu bai isa ba. Sai a bi ƙwayar da gwaje-gwaje, a ba ta wannan sukari a ga ko ta ci, a ba ta wancan a ga ko ta fid da iska, a yi ta yi har kwanaki ko makonni. Ga shi kuma 'yan uwa na kusa su kan ba da amsa iri ɗaya, waɗansu ƙwayoyin ma su ƙi tsirowa sam. Dafin botulinum kuwa a kan gane shi ne ta yi wa ɓeraye allura, a zuba musu ido har kwana huɗu.

6. Yadda a ke karanta zaren

James Watson da Francis Crick suka bayyana ƙirar zaren gado cikin 1953, suna dogara ga hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Amma sanin ƙirar littafi daban, iya karanta shi daban. Sai cikin 1977 Frederick Sanger na Kambirij ya fito da hanyar da ta zauna. Ga yadda ta ke a taƙaice. A kan sa wani sinadari mai aikin kwafi ya yi ta kwafar zaren, amma an cuɗa masa waɗansu haruffa na musamman waɗanda in ya ɗauki ɗaya sai alƙalaminsa ya tsaya cik. Ta haka a kan sami kwafi masu yawa, wani ya tsaya a harafi na goma, wani a na sha ɗaya, wani a na sha biyu. In aka jera su daga gajere zuwa dogo, aka dubi harafin ƙarshe na ko wanne, to, an karanta zaren ke nan.

Saura matsala ɗaya: zaren da a ke samu cikin ɗigon abinci bai taka kara ya karya ba. Kary Mullis ya warware wannan cikin 1983 da dabarar da a ke kira PCR. A kan sa waɗansu 'yan gajerun zarurruka biyu su kama farko da ƙarshen babin da a ke nema, kamar yadda ɗalibi kan sa tsinke a littafi. A ɗumama zuwa wajen digiri 95 zaren ya rabu biyu, a sassauta zafi, mai kwafi ya cike ko wane ɓari. Ko wane zagaye adadin ya kan ninka: ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. A zagaye na 30 an haura miliyan 1,000. Abin sha'awa, sinadarin kwafin da a ke aiki da shi daga wata bakteriya mai son zafi aka samo shi, Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka.

Injunan da suka bayyana daga wajen 2005 ba su bin zare ɗaya ɗaya. Su kan daddatsa kundin duka, su karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, kwamfuta ta harhaɗa su ta wajen duba inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan. Cikin 2014 kuma kamfanin Oxford Nanopore ya fito da wani ɗan inji mai suna MinION wanda ke shiga aljihu. Shi kuwa zura zaren ya ke yi ta wata 'yar ƙofa, ko wane harafi ya gifta ya canja ƙarfin lantarkin da ke bi ta wurin.

7. Tsagar fuskar bakteriya

Wane babi ya kamata a karanta? Carl Woese na Jami'ar Illinois ne ya nuna hanya. Cikin 1977 shi da George Fox suka buga aikinsu a kan wani sashe na ƙwaya da a ke kira 16S. Babin da ke ɗauke da umurninsa yana da haruffa wajen 1,500, ko wace bakteriya kuwa tana da shi, domin ba ta rayuwa sai da shi. Waɗansu wurare cikin babin kusan iri ɗaya ne ga bakteriya duka, a nan ne a ke kafa tsinken PCR. Tsakaninsu kuma akwai wurare tara masu sāɓawa daga dangi zuwa dangi. Babin nan kamar tsagar fuska ya ke: wanda ya san aikin wanzamai, in ya dubi kunci, ya kan faɗi ko Bagobiri ne ko Bakabe tun mutum bai buɗe baki ba.

In an karanta babin, sai a gwama shi da na ƙwayoyin da aka riga aka sani, waɗanda ke ajiye a manyan rumbuna irin su GenBank, wanda aka kafa cikin 1982, kowa kuma na iya shiga ta intanet. Cikin 1994 masana suka ba da shawara cewa in kamar ba ta kai kashi 97 cikin 100 ba, to, jinsi daban ne. Daga baya aka ɗaga iyakar zuwa wajen 98.7. Aikin da a dā kan ci makonni, yanzu a kan gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu bayan an sami ƙwayar.

Karatun nan ya gyara sanin da a ke da shi. Cikin 2013 waɗansu masana na Faransa suka buga sakamakon bincike na shekara goma a kan gwangwanaye 455 waɗanda suka ɓaci bayan an ajiye su a digiri 55. Suka iske dangi biyu ne suka fi yawa, ko wanne da fiye da sulusi: Geobacillus, wadda kowa ya san ta, da Moorella, wadda tsofaffin littattafan sana'ar ba su cika ambatonta ba. Sunaye ma sun sauya saboda karatun: Geobacillus ɗin nan Bacillus a ke ce mata kafin 2001, ita kuma mai tsamama tumatir, wadda aka daɗe ana kira Bacillus coagulans, an fid da ita daga wannan dangi cikin 2020. Malamin da ke koyarwa da tsohon littafi sai ya lura da haka.

8. Inda tsaga ba ta isa ba

Tsaga tana faɗin asalin mutum, ba ta faɗin ko yana ɗauke da wuƙa. Haka babin 16S ya ke game da botulinum, nan ne kuwa aka fi bukatar tabbaci.

Masanan farko sun raɗa sunan Clostridium botulinum ne ga duk ƙwayar da ke yin dafin nan. Da aka karanta zarurrukansu sai aka ga ashe gidaje huɗu ne dabam dabam suka taru a kan suna guda. Dafin kansa iri bakwai ne sanannu, daga A zuwa G. Babin da ke ɗauke da umurninsa, mai haruffa wajen 3,900, wani lokaci yana cikin babban zaren, wani lokaci kuwa yana kan wani ɗan zobe na zare wanda ke iya ƙaura daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Cikin shekarun 1980 aka tabbatar cewa waɗansu daga Clostridium butyricum da Clostridium baratii, waɗanda aka ɗauka ba su da illa, suna yin dafin E da F.

Ta ɗaya gefen kuma akwai Clostridium sporogenes, 'yar uwar gidan farko na botulinum. Babinsu na 16S kusan ɗaya ne, amma ita galibi ba ta yin dafi, har ma da ita a ke gwada ƙarfin tukwanen tururi a madadin mai kisan. Tsadar rikita su biyun nan ta bayyana cikin Agusta 2013, sa'ad da kamfanin Fonterra na Niyu Zilan ya ba da sanarwa cewa ana zaton akwai botulinum cikin tan 38 na wani garin madara, wanda ya riga ya shiga abincin jarirai. Wannan gari ne, ba dafaffen abincin gwangwani ba, amma tambayar ɗaya ce. Aka janye kaya a ƙasashe da dama, Sin ta hana shigar da waɗansu. Kafin watan ya ƙare, gwaje-gwajen da aka sake yi suka nuna sporogenes ce. Cikin 2017 masu sulhu suka yanke wa Fonterra biyan kamfanin Danone yuro miliyan 105 saboda hasarar da ya yi. Duk da haka ba za a ce sunan sporogenes ya wanke ƙwaya ba, domin karatun kundi ya nuna akwai 'yan zuriyarta masu ɗauke da babin dafin B.

Darasin a fili ya ke. Ga tambayar "wace ce?" babin 16S ya kan wadatar. Ga tambayar "tana kisa?" sai an nemi babin dafin kansa da PCR, ko kuwa a karanta kundin duka.

9. Karatun kundi duka

Cikin 1995 aka fara karanta kundin wata bakteriya daga farko har ƙarshe, watau Haemophilus influenzae, mai haruffa wajen miliyan 1.8. Na botulinum kuwa an buga shi cikin 2007, da haruffa wajen miliyan 3.9. Babin 16S ke nan bai kai kashi ɗaya cikin 2,000 na kundin ba.

Amfanin kundi ya wuce gano dafi. Masu nazarin tsofaffin littattafan ajami sun san cewa ko wane mai kwafi ya kan yi ɗan tuntuɓen alƙalami, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji tuntuɓen ya ƙara nasa. In kwafi biyu suka yi tarayya cikin kurakurai iri ɗaya, an san daga uwa ɗaya suka fito. Haka bakteriya: duk sa'ad da ta rabu biyu sai ta kwafi kundinta, jifa jifa harafi ɗaya ya kan sauya. In ƙwayar da aka samu jikin majiyyaci, da ta cikin gwangwani, da ta bututun masana'anta suka sāɓa da 'yan haruffa ƙalilan cikin miliyoyi, to, hujja ce mai ƙarfi cewa tushensu ɗaya. In sun sāɓa da dubbai, sai a nemi tushen a wani wuri. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kafa wani tsari mai suna GenomeTrakr cikin 2012 don tara irin waɗannan kundaye, ita kuma PulseNet, wadda ke bin sawun cututtukan abinci tun 1996, ta koma ga karatun kundi cikin 2019.

10. Iyakar karatun

Akwai abubuwa uku da bai kamata a manta ba. Na ɗaya, zare ba ya faɗin ko mai shi na da rai. Gwangwani lafiyayye ma yana iya ƙunsar guntayen zaren ƙwayoyin da wuta ta kashe. Wannan wani lokaci amfani ne: in madubi ya nuna gawarwakin ƙwayoyi jingim amma ba abin da ya tsiro, karatun na iya faɗin su wane ne, a gane ko kayan sun fara ruɓa tun kafin a dafa. Amma wanda ya ga sunan botulinum a takarda ya ce lalle akwai haɗari, ya yi gaggawa.

Na biyu, samun babin dafi daban, samun dafin cikin abinci daban. Dafin da ya riga ya zuba yana nan ko da ƙwayar ta mutu, don haka gwajin dafi bai faɗi ba.

Na uku, kwamfuta ba ta sanin abin da ba a ba ta ba. In an shigar da kundi cikin rumbu da sunan da ba nasa ba, duk wanda ya gwama da shi ya gaji kuskuren. PCR kuma, saboda tsananin ninkawarta, ƙurar da ta faɗa daga hannun mai aiki ma ta kan zama miliyoyi.

11. Abin da ya shafe mu

Hanyar ɓaci ta uku ta fi shafar ƙasashenmu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara ya kan haura digiri 40, cikin rumfar kwano ko bayan babbar mota kuwa ya fi haka. Gwangwanin da zai shekara lafiya a Turai yana iya ɓaci a nan, domin mun ba masu son zafi abin da su ke jira. Saboda haka ne a kan gwada kayan da za su ƙasashe masu zafi a digiri 55. In kaya suka ɓaci aka shiga jayayya tsakanin mai masana'anta da ɗan kasuwa, sunan ƙwayar na iya taimakawa wajen raba gardama. Iya karatun kuwa ya iso Nijeriya: cikin Maris 2020 cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta karanta kundin ƙwayar korona, karo na farko a Afirka. Injin da ya yi wannan shi ne ke karanta na bakteriya. Kula da lafiyar abincin gwangwani a Nijeriya kuwa yana hannun hukumar NAFDAC tun kafa ta cikin 1993.

12. Kammalawa

Karatun zaren gado bai kawar da madubi da akwatin ɗumi ba, ƙari ne a kansu. Gajeren karatu na faɗin dangi, ya nuna inda aiki ya kuskure. Dogon karatu na faɗin ko akwai dafi, ya kuma bi sawu har tushe. Mai hankali ya kan san wanne ya yi kafin ya yanke hukunci.

Ɗaliban da malamai ke koyarwa ba su da inji a gida, amma abin da aka bayyana ya isa ya nuna musu dalilin tsofaffin ƙa'idodi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi yoyo, ko ya lotsa a kan kalmasa, ko ya feso ruwa da aka huda shi, a yar da shi inda yaro ko dabba ba za su kai gare shi ba. Kada a ɗanɗana don a gwada, domin dafin botulinum ba kullum ya ke da wari ko ɗanɗano ba, ɗan kaɗan kuwa ya isa. In wani ya ci abinci ya fara gani bibbiyu ko haɗiya ta gagare shi, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma tafi da sauran abincin da gwangwanin a ƙunshe, domin a jikinsa ne lambar masana'anta ta ke, a cikinsa kuma ƙwayar da za a karanta.